FAYYACEWA: Na'urar yayyafin ruwa ta kashe gobara: yadda take aiki, yadda ake duba ta, da wanda ke da alhakin kula da ita

A daren 26 ga Maris, 2016, gobara ta tashi a Kasuwar Abubakar Rimi da ke Sabon Gari, Kano. Kafin a shawo kanta, hukumomi sun ƙiyasta cewa shaguna kimanin 3,800 sun ƙone. A watan Janairun 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta bi sahu, ta Katsina kuma a watan Maris na wannan shekarar. Duk lokacin da haka ta faru, tsarin abin da ke biyo baya sananne ne: gwamna ya je jaje, a kafa kwamiti, a yi alkawarin gina "kasuwa ta zamani". Cikin kayan da akan lissafa a takardun irin wannan gini akwai na'urar da injiniyoyi ke kira sifirinkila, wato bututun ruwa da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin rufi, masu ɗauke da ƙananan kawuna da ke fesa ruwa da kansu idan wuta ta tashi.

Sanya na'urar aiki ne na 'yan watanni, ana kuma iya ɗaukar hotonsa ranar yanke kyalle. Kula da ita aiki ne na shekaru hamsin ko fiye, ba ya shiga labarai, kuma a nan ne mafi yawan gine-gine ke faɗuwa jarrabawa.

Yadda take aiki

Asalin na'urar daga Amurka yake. A 1874 Henry Parmelee ya ƙera kan farko mai buɗe kansa domin kare masana'antarsa ta kayan kiɗa a birnin New Haven, sannan Frederick Grinnell ya inganta shi a 1881. Tun daga nan tushen dabarar bai sauya ba. Bututu na cike da ruwa mai matsi. Kowane kai na toshe da ɗan murfi, abin da ke riƙe murfin kuma ko dai 'yar kwalbar gilashi ce mai wani ruwa a ciki, ko dalma mai saurin narkewa. Idan zafin wuta ya kai wani mizani, kwalbar ta fashe, murfin ya fice, ruwa ya bugi wani faifan ƙarfe mai haƙora ya watsu kamar ruwan sama.

Launin ruwan da ke cikin kwalbar shi ke nuna zafin da za ta fashe a kansa, a ma'aunin Salshiyos: ruwan lemo digiri 57, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Ja ne aka fi gani a ofisoshi da otal-otal.

Finafinai sun koya wa mutane cewa da zarar hayaƙi ya tashi sai duk kawunan gini su ɓalle lokaci guda. A tsarin da aka fi amfani da shi, hayaƙi ba ya buɗe ko ɗaya. Zafi ne kawai ke buɗe kai, kuma wanda ke saman wutar ne ke buɗewa. Alƙaluman ƙungiyar NFPA ta Amurka, wadda ƙa'idojinta ne injiniyoyi a ƙasashe da dama ke bi, sun nuna cewa a mafi yawan gobarar da na'urar ta yi aiki, kai ɗaya ne ya buɗe, kuma da wuya a wuce biyar. Kai ɗaya yakan zuba lita 50 zuwa 100 a minti guda, alhali tiyon 'yan kwana-kwana na zuba ɗaruruwan lita. Ɗan kasuwar da ke fargabar ruwa ya jiƙa masa atamfa da shadda yana da hujja, sai dai ɓarnar kai ɗaya ba ta kama ƙafar ɓarnar wutar da ta ci layi guda ba.

Akwai wasu nau'o'in. A ƙasashe masu ƙanƙara ana cika bututun da iska don kada ruwa ya daskare, matsalar da ba ta shafi Arewacin Najeriya ba. A ɗakunan kwamfutoci da ma'ajiyar takardu akan yi tsarin da ruwa ba ya shiga bututu sai na'urar gano hayaƙi ta ba da izini. A wuraren man fetur kuma akwai wanda duk kawunansa a buɗe suke, suna zuba ruwa gaba ɗaya.

Abin da ke sa ta gaza

A watan Fabrairun 1991 wuta ta kama benen One Meridian Plaza a birnin Filadelfiya. Ta tashi daga hawa na 22, ta yi ta ci sama har kusan awa 19, 'yan kwana-kwana uku suka mutu, aka janye sauran don gudun kada ginin ya rufta. Da ta isa hawa na 30, inda wani mai haya ya sanya na'urar yayyafi, kawuna goma suka buɗe suka tsayar da ita. Shekaru uku kafin nan, a watan Mayun 1988, benen bankin First Interstate da ke Los Anjelas ya yi gobara a daidai lokacin da aikin sanya na'urar ya kusa kammala. Bututun na nan, kawunan na nan, amma ba a sako musu ruwa ba. Hawa huɗu suka ƙone ƙurmus, na biyar ya taɓu, mutum ɗaya ya rasu.

Labari na biyu shi ne ya fi yawan maimaituwa. Binciken NFPA na shekaru da dama ya nuna na'urar na buɗewa a kusan kashi tara cikin goma na gobarar da ta kai girman buɗe ta. A ragowar da ta ƙi aiki, babban dalili, fiye da rabin lokuta, shi ne wani ya rufe bawul ɗin ruwa tun kafin wutar ta tashi. Mai gyaran famfo ya rufe don ya toshe yoyo ya manta bai buɗe ba. Mai gadi ya rufe saboda ƙararrawa ta dame shi. Mai gini ya rufe don ruwan tanki ya ishi banɗakuna. Daga ƙasa babu mai iya gane bambanci, domin kai marar ruwa da kai mai ruwa kamanninsu ɗaya.

Jadawalin dubawa

Kundin da aka fi dogaro da shi wajen dubawa da gwaji da gyara shi ne NFPA 25. Turai na da nata mai lamba EN 12845. Dukansu sun ɗora alhakin a kan mai gini ko wakilinsa. Ɗan kwangilar da ya sanya na'urar ya gama nasa ranar da ya miƙa makulli, hukumar kashe gobara kuma mai sa ido ce kawai.

Bawul ne farkon abin dubawa. Wanda aka ɗaure da hatimi kawai ana leƙa shi kowane mako, wanda aka sa wa sarƙa da kwaɗo a buɗe kuma kowane wata. Sau ɗaya a shekara ana juya kowane bawul har ƙarshe a rufe, a sake buɗe shi, don kada tsatsa ta kafe shi. Agogon da ke nuna matsin ruwa ana karanta shi a kai a kai a rubuta, bayan shekara biyar kuma a gwada ingancinsa ko a sauya shi, domin allurar agogo na iya maƙalewa a kan lamba mai kyau alhali bututun fayau yake. Ƙararrawar da ke kaɗawa idan ruwa ya fara gudu ana gwada ta duk bayan wata uku ko shida, gwargwadon irinta.

Sai injin tura ruwa. Idan mai amfani da dizal ne, ƙa'ida ita ce a tayar da shi kowane mako ya yi aiki na minti 30, a duba batir da mai da ruwan sanyaya shi. Na lantarki ana tayar da shi aƙalla kowane wata na minti 10. Sau ɗaya a shekara ana yi wa injin cikakken gwaji, a sa shi ya tura ruwa iyakar ƙarfinsa a kwatanta da abin da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta. A shekara-shekara kuma ake buɗe babban magudanar gwaji a ga yadda matsi ke sauka da yadda yake dawowa. Idan ya sauka fiye da na bara, akwai abin da ya toshe hanya ko bawul da ba a buɗe shi sosai ba. Amfanin wannan gwajin ya dogara ne kacokan a kan rubutun bara. Ginin da ba shi da kundin rajista ba shi da abin kwatantawa.

Kawunan su ma ana bin su ɗaya bayan ɗaya da ido daga ƙasa kowace shekara. Wanda ya yi tsatsa, ko yake yoyo, ko ya lanƙwashe, ko ruwan kwalbarsa ya tsiyaye, cire shi ake yi. Wanda fenti ya taɓa ma haka: ba a kankare shi, ba a wanke shi da fetur, sabo ake sawa, domin fenti na jinkirta isar zafi ga kwalba kuma yana iya manne murfin. Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, ganin yadda ake yi wa gine-ginen gwamnati fenti cikin gaggawa idan babban baƙo zai zo, mai buroshi ya bi silin da duk abin da ke jikinsa. Dole kuma a bar tazarar aƙalla santimita 45 tsakanin kai da saman kayan da aka jibge a ƙarƙashinsa. A kasuwar da kowane taku kuɗi ne, inda ake tara diloli har su taɓo rufi, wannan ita ce ƙa'idar da aka fi saurin karyawa. Rataye kaya ko wayar lantarki a jikin bututun haramun ne a ƙa'idance.

Duk bayan shekara biyar ana buɗe bututu a leƙa cikinsa don neman laka, yashi da tsatsa. Kawunan da suka kai shekara 50 ana cire samfuri, aƙalla huɗu ko kashi ɗaya cikin ɗari, a kai ɗakin gwaji. Masu saurin buɗewa ana yi musu haka tun suna shekara ashirin da 'yan kai. A kusa da babban bawul kuma dole a ajiye akwati mai ɗauke da sababbin kawuna da sifanar ɗaura su: shida ga ginin da kawunansa ba su kai 300 ba, 12 ga mai 300 zuwa 1,000, 24 ga wanda ya haura haka. Mai son sanin ko ana kula da gini, ya nemi a buɗe masa wannan akwatin.

Idan gyara ya tilasta a rufe ruwa na tsawon sa'o'i, ƙa'ida ta ce a rataya alama a jikin bawul, a sanar da hukumar kashe gobara da kamfanin inshora, a kuma sa mutum ya riƙa zagaya ginin har sai an dawo da ruwan.

Inda yanayin Arewa ke sauya lissafi

An rubuta waɗannan ƙa'idoji ne a ƙasashen da ruwan famfo ke zuwa da matsi dare da rana. A Zariya ko Kano ko Ikara, ginin da ke son na'urar sai ya tanadi ruwansa da kansa, kuma yawan ruwan na ba mutane mamaki. Ga wuri irin na shaguna, lissafin NFPA ya tanadi kimanin lita 8 a minti ga kowane murabba'in mita, a kan fili mai murabba'in mita 139, na tsawon aƙalla awa ɗaya. Jimilla kusan lita 68,000 ke nan, wato fiye da cikin tankar mai biyu masu lita 33,000, ko tankunan roba 14 masu lita 5,000. Wannan ruwa ne da ba a alwala da shi, ba a sayar wa 'yan garuwa, ba a taɓa shi ko a tsakiyar bazara. Idan tanki ɗaya ne ke ba banɗaki da na'urar ruwa, to bututun banɗakin sama ake sanya shi, ta yadda ba zai iya zuƙe kason gobara ba. Ruwan rijiyar burtsatse kuma yakan zo da yashi, don haka leƙen cikin bututu ya fi muhimmanci a nan fiye da inda aka rubuta ƙa'idar.

Lantarki ma haka. A gobara da dama wutar lantarki ce ke fara ɗaukewa, ko a yanke ta da gangan. Injin da ya dogara da layin kamfanin rarraba wuta kaɗai ba abin dogaro ba ne. Na dizal kuwa yana da nasa ciwon: tankinsa na mai jaraba ne ga duk wanda janaretansa ya tsaya, batirinsa kuma yakan yi ƙafa.

Akwai kuma zafi. Kai mai jan kwalba an yi shi ne don wurin da zafin silin ba ya wuce digiri 38. A ƙarƙashin rufin kwano marar silin, a watan Maris ko Afrilu, zafi na wuce haka nesa ba kusa ba. Kan da ya daɗe yana shan irin wannan zafi na iya raunana ya ɓalle ba tare da wuta ba, kuma sau ɗaya ya jiƙa kayan mutane, sai a rufe bawul a jefar da makullin. Wuri irin wannan rawaya ko kore ya kamata a sa masa. Ƙurar hunturu da saƙar gizo su ma suna lulluɓe kwalba. Idan ƙurar kaɗan ce ana iya hure ta ko zuƙe ta ba tare da an taɓa gilashin ba, idan ta kafe sai sauyi.

Doka da kasafi

Najeriya na da Dokar Hukumar Kashe Gobara tun 1963, da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, da Kundin Kariya daga Gobara na 2013. Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya na ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jihohi kuma na da nasu hukumomin. Izinin gini aikin jiha ne. A Kaduna hukumar KASUPDA ce ke bayar da shi. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya lissafa kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, tambayar abin da shugaban ƙaramar hukuma ya ware wa kariyar kasuwarsa ta ƙara samun gurbi.

Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta inshora ga gine-ginen da jama'a ke shiga, irin su makarantu, asibitoci da wuraren kasuwanci, ta kuma ce a ware kashi 0.25 cikin ɗari na kuɗin wannan inshora domin kayan aikin 'yan kwana-kwana. A watan Agustan 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbinta. A Ingila da Amurka kamfanonin inshora ne suka fi kowa matsa wa masu masana'antu lamba su sanya na'urar su kuma kula da ita, domin su ne ke biyan asara. Inda mafi yawan 'yan kasuwa ba su da inshora, wannan matsin babu shi, sai dai gudunmawar gwamna bayan an yi toka.

Raunin da ya fi bayyana yana cikin tsarin kasafin kuɗi. Sayen na'ura na shiga ɓangaren manyan ayyuka, inda ake ba da kwangila. Dizal na gwajin mako-mako, batir, da ladan injiniyan da zai zo duk shekara suna ɓangaren kuɗin gudanarwa, wanda shi ake fara yankewa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takarda daga hukumar gwamnati, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Game da asibiti ko sakatariya ko kasuwar da aka ce an sanya mata na'urar, takardun da suka fi faɗin gaskiya su ne rahoton gwajin ranar karɓar aiki, kundin rajistar gwajin injin, da yarjejeniyar kamfanin da ke kula da ita.

Wasu ƙasashen sai da suka yi babban rashi suka gyara dokokinsu. Benen Grenfell da ya kashe mutum 72 a Landan a watan Yunin 2017 ba shi da na'urar. A 2020 Ingila ta sauko da tsawon sababbin gidajen bene da dole a sanya musu ita daga mita 30 zuwa 11. A Legas, gobarar benen Afriland ta 16 ga Satumba, 2025, wadda rahotanni suka ce ta taso daga ɗakin inbata a ƙasan ginin, ta nuna cewa hayaƙi na iya kashe mutanen da harshen wuta bai kai gare su ba. Na'urar yayyafi na rage hayaƙi ne ta hanyar hana wuta girma. Ba ta maye gurbin matakalar tsira da ƙofar da ke buɗewa waje.

Kurmin Kogi da makwabta

Kurmin Kogi mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ikara, yankin noma mai maƙwabtaka da Makarfi, inda masara, rake, tumatir da barkono ke riƙe da tattalin arziki. Gine-ginen da za su iya ɗaukar nauyin cikakkiyar na'ura a wannan yanki ƙalilan ne: masana'anta irin ta sarrafa tumatir da ke Ikara, manyan asibitoci, ɗakunan kwanan ɗalibai na manyan makarantu irin ta koyon aikin lafiya da ke Makarfi, da manyan sito-sito na hatsi da taki. A irin waɗannan wurare hujjar sanya ta ta fi ta cikin birni ƙarfi, domin ɗaki mai katifun soso na iya kamawa gaba ɗaya cikin 'yan mintuna, kuma duk motar da za ta taso daga wani gari ba za ta riski wannan lokacin ba.

Ga sauran gine-gine, zancen sifirinkila tsallake mataki ne. Yara fiye da 20 da suka mutu a ajujuwan zana a Maraɗi a watan Nuwamban 2021, da almajirai 17 da suka rasu a Ƙauran Namoda a watan Fabrairun 2025, suna cikin wuraren da babu bututu, babu tanki, kuma abin da ke kewaye da su kara ne da itace. Abin da ke ceton rai a makarantar allo ko ɗakin kwanan 'yan sakandare shi ne ƙofa biyu da ba a kulle su ta waje, taga aƙalla ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa, na'urar jin hayaƙi mai batir, da nisanta tarin kara da galan ɗin fetur daga inda ake kwana. A kasuwar ƙauye kuwa, hanya ce da mota za ta iya ratsawa, wayoyin lantarki da ƙwararre ya ja, da tukwanen kashe wuta waɗanda allurarsu ke kan kore.

Su ma waɗannan ƙananan kayan suna da jadawalinsu. Tukunyar kashe wuta ana duba ta kowane wata, ƙwararre ya yi mata hidima duk shekara ya rubuta kwanan wata a takardar da ke rataye a wuyanta. Na'urar jin hayaƙi ana danna maɓallin gwajinta kowane wata, a sauya ta ɗungurungum bayan shekara goma. Lokacin da ya fi dacewa da wannan zagaye a ƙasar Ikara shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan an fara shigo da amfanin gona sito, kafin iskar hunturu ta kankama mutane su fara kwana da garwashi a ɗaki.